Filashin Ilu Mai Buga Takardu

Ilu ɗan Kurugu ne, amma a Karaye aka fi saninsa, a ɗan shagonsa na bakin kasuwa inda yake buga wa mutane takardu. Da damina rabin hankalinsa yana gonar gyaɗa, da rani kuwa ba ya tashi daga gaban wata tsohuwar kwamfuta da ya sayo ta hannu a Kano. Katin biki, sanarwar wa'azi, tambayoyin jarrabawar Islamiyya, duk wurinsa ake kawowa, don yana buga Hausa da lanƙwasarta, ya buga Larabci da wasullansa.

Sai dai kwamfutar ba ta da amana. Bayan 'yan watanni sai ta kwashi cuta daga filashin masu kawo aiki, wato ɗan abin ajiyar takardu da ake jona mata, dole ya kai ta Kano a goge ta a ɗora mata sabuwar manhaja. In ya dawo, babu ƙ, babu ɗ, babu harafin Larabci ko ɗaya, firinta ma sai ta yi kamar ba ta taɓa saninta ba. Haka zai kwashe kwanaki yana maido da komai, masu aiki na zuwa suna juyawa.

Wata rana hakan ta faru ana gab da saukar karatu a makarantar Malam Sunusi na ƙauyen Turawa. Malamin ya zo da kansa karɓar katunan gayyata, ya tarar babu.

"Allah gafarta Malam, wallahi na'urar ce..."

"Ba komai, Ilu," in ji Malam Sunusi. "Kafin ta zo ai da hannu muke rubutawa." Ya koma ya sa manyan ɗalibansa suka rubuta da alƙalami.

Da Malam ya yi faɗa, da abin ya zo wa Ilu da sauƙi. Yana shiga gida ya ce wa matarsa Laure, "Daga yau na daina kai ta Kano."

Kabir, abokin karatunsa da ke aikin kwamfuta a Zariya, shi ya nuna masa hanya ta waya. Ya ce akwai babbar manhaja ta kyauta mai suna Linux, wadda mutum zai rubuta wa umarni a jere ya zuba a filashi, ta ɗora kanta, ta shirya komai yadda mai ita yake so. Turancin Ilu na sakandare ne, shi ma ya yi tsatsa, amma ya zage damtse. In netwok ya ƙi a shago, sai ya hau babur ya bi hanyar Rogo, ya zauna gindin wata ɗorawa inda yake kamawa, ya sauke abin da yake bukata.

Gwajin farko ya share masa aikin mutane kakaf, don ya yi kuskuren gaya wa na'urar ɓangaren da za ta goge. Ya bi masu aikin gida-gida yana ba da haƙuri, ya sake buga musu.

"Baban Sadiƙa," in ji Laure, "ka mayar da ita Kano mana, a huta."

"Sai na ga abin da ya ture wa Buzu naɗi," in ji shi.

Daga nan ya koyi ware aikin mutane wuri daban kafin kowane gwaji. Yana maimai a gona, yana tunanin layin umarnin da ya tsayar da kwamfutar jiya. In ya gyara na haruffa, na firinta ya ɓaci. In ya gyara wannan, agogo ya koma na wata ƙasa. Ya yi ta bi, layi bayan layi, har aka fara roron gyaɗa.

Wata Laraba ya goge kwamfutar da gangan, ya jona filashin, ya danna, ya tafi sallar Azahar. Bai tsaya hirar ƙofar masallaci ba. Da ya dawo ya tarar ta gama, tana jiransa. Ya danna ƙ, ta fito da ƙugiyarta. Ya juya zuwa Larabci ya rubuta bisimilla, firinta ta ja takarda ta fitar da ita tsaf. Ya daɗe a tsaye yana kallon takardar kafin ya kira Kabir.

Yanzu malaman makaranta har daga garin Fulatan suke kawo masa nasu kwamfutocin, kowa ya faɗi yadda yake so, shi kuma ya sauya layi biyu ya jona. Abin da ya sa a gaba a bana shi ne ajami: ɗigon imala, mai nuna wasalin "e", har yanzu zamewa yake daga ƙarƙashin harafi, Ilu kuwa ya ce sai ɗigon ya zauna.