Filin Wasan da Na Tarar Ba Kowa

Na bar Gusau ana kiran assalatu. Ofis ne ya aike ni da 'yar na'ura mai ɗaukar hoto in ƙirga masu zuwa filayen wasa na gwamnati. Filin da aka ga jama'a za a kewaye shi, wanda aka tarar ba kowa a ba masu niƙan dutsen zinare.

Anka da Gummi

A Anka aiki bai ba ni wuya ba, 'yan ƙwallo har rige-rigen shiga hoto suke. A shingen hanyar Gummi wani ɗan sanda ya jujjuya na'urar, ya tambaya ko tana ganin zinare. Na ce da tana gani, da bai same ni a kujerar bayan motar haya ba. A Gummi na ƙirga masu kallon kokawa, na kwana.

Bukkuyum

Da hantsi wani ɗan acaba, Sani, ya kai ni wani ƙauye bayan Gwashi. Filin na nan a share, sawun yara ko'ina, har da ramukan dara. Amma ko kukan jariri babu. Ƙofofi a rufe, awaki ne kawai ke kallona.

Wata tsohuwa ta leƙo. Na gaishe ta, na ce, "Inna, ina yara?"

Ta ce, "Mi za ka yi musu?"

"Ƙirga su zan yi, don a bar musu filinsu."

Ta ce, "Ɗana, shekarar gubar dalma wasu sunka zo sunka ƙirga muna ɗiya gida-gida. Ka ga bayan kukar can? Can munka binne su. Ba a ƙara ƙirga muna ɗiya."

Na yi mata bayani, na roƙi mai gari ya sa a fito da yaran. Ya saurare ni da mutunci, ya sa aka kawo mini fura, ya ce shi ma jikansa na bayan kukar. Na nuna wa na'urar sawun, ita kuwa mutum take so. Na zauna har la'asar, lokacin da take aika sakamako da kanta. Ta aika: babu kowa.

Muna wuce kukar a hanyar komawa, ihun yara ya ɓarke a filin da muka baro, ana tafi, ana dariya. Na ce Sani ya juya.

Ya ce, "Malam, ko mun koma ba ka ganin kowa."

Gida

Na iso Gusau lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Sani. Na rubuta wa ofis abin da kunnena ya ji, aka ce hoto ake so. Bayan damina Sani ya kira ni daga filin, ina jin ƙarar injin niƙa a bayansa. Na ce yaran fa? Ya ce suna nan, gefen injin suke wasa.