Hambali Mai Kukuma da Tambayar da Ta Kai Shi Kurkuku

Ni dai a tashar Birnin Kudu na san Hambali, lokacin ina sayar da shayi, shi kuma yana ga-ruwa. Tsoho ne dogo, ba ya magana. In ka gaishe shi ya amsa, ya wuce abinsa. Wanda bai sani ba ba zai ce wannan bakin ya taɓa tara jama'a ba.

Mutumin Farin Dutse ne, a ƙasar Gwaram, kuma mai kukuma ne na gaske. Da yaƙin basasa ya ɓarke aka ɗebi samarin yankin soja, sai ya rataya kukumarsa ya bi su kudu, yana yi musu wasa a sansani. To, maroƙi ba ya wasa mutum sai ya san ubansa da garinsu. Haka Hambali ke bin tanti-tanti yana tambaya: kai ɗan wa ne, daga ina, gobe ina za a tura ku? Da yamma sai ya zuba duk a waƙa, ka ga ƙato da bindiga yana share hawaye.

Wata rana aka yi wa wata tawaga kwanton ɓauna, aka kashe da dama. Sai aka ce ai akwai mai yawan tambaya a sansanin. Aka kama Hambali da zargin leƙen asiri.

A wani aji na makaranta aka yi shari'ar. Babban hafsan baƙo ne, ta bakin tafinta yake jin Hausa. Hambali ya ga fuska a murtuke, sai ya yi abin da ya iya tun yana yaro: in babba ya yi fushi, ka wasa shi ya huce. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ɗan wa ne? Wane gari ne naku?"

Tafinta ya fassara. Hafsan ya ƙara ɗaure fuska, ya ce ga tambayar nan ta biyo har kansa, shari'a ta ƙare a nan. Aka taka kukumar a gaban Hambali, aka kulle shi har yaƙi ya ƙare.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, soja sun sake shi, amma mutanensa ba su sake shi ba. Ya koma Farin Dutse ya tarar matarsa Batulu ta rasu. Ba mai kiransa biki. In ya doso majalisa sai hira ta mutu. Ya dawo Birnin Kudu, maganar ta riga shi zuwa. Tun daga nan bai ƙara tambayar sunan kowa ba, ko na jariri.

Wani lokaci in yana juye min ruwa a duro sai in ji yana gunguni a ƙasan maƙoshi, wane ɗan wane na Sundimina, wane ɗan wane na Gwaram. Sojojinsa ne da suka mutu. Wallahi abin yana taɓa ni.

Ya rasu a shekarun da kuɗin mai suka cika tasha da sababbin motoci. Mu 'yan kaɗan ne muka kai shi. Da liman zai yi masa addu'a ya juyo ya ce, "Hambali ɗan wa?"

Muka yi ta kallon juna. Babu wanda ya taɓa tambayarsa.