Sandar da Ba Ta da Ƙeya

Har yau ban manta da safiyar da na kusa raba Baba Altine da aikinsa ba, kuma da hannuna.

Lokacin ina ƙaramin injiniya a wani kamfanin gyaran shinkafa da ke hanyar Kalambaina, wata huɗu da dawowata daga karatu, kai na fashewa da ilimi. Ana tsakiyar kaka sai wata baƙuwar ƙara ta ɓullo a ɗakin injina. Shida ne a ciki, na ɗaya zuwa na uku a gaba, sauran a bayansu, duk suna ruri tare. Baba Altine, babban makanikenmu, ya bi su da sukundireba, yana ɗora bakinta a jikin inji yana kafa kunne a ƙota. Ya ce na shida ne, boris ɗinsa, zoben ƙarfen da ke sa shi juyawa sumul, ya ci. Manaja bai yarda ba, don da ma ya daɗe yana cewa kunnen tsohon ya mutu, lokacin sallamarsa ya yi.

Ni kuwa ina da abin taƙamata, makirufo takwas jere a kan sandar ƙarfe. Ƙara tana fara isa makirufon da ya fi kusa da ita, sannan na gaba, da ɗan bambancin da kunne ba ya kamawa. Kwamfuta takan jinkirta kowanne gwargwado, ta haɗa su. Kusurwar da jimlar ta fi ƙarfi, daga nan ƙarar take.

Na kafa sandar a tsakanin layukan biyu. Allo ya ba ni kusurwa ta dama. Na ɗaga kai, na uku na gani, na ce shi ne.

Manaja ya ce, "Ka jiya ko, Baba? Na'ura ta hwaɗi. Gobe ka ishe ni ofis."

Baba bai yi musu ba. Ya zagaya sandar a hankali, ya ce da ni, "Injiniya, wagga sanda taka tana da ƙeya? Ni in na ji motsi ban san inda shike ba, juya kai nikai. Ita ba a juya ta?"

Abin da aka fara koya mana ke nan: miƙaƙƙiyar sanda ba ta rarrabe gaba da baya. Ƙara daga na uku da ƙara daga na shida, jinkirinsu ɗaya ne. Ina jin kunyar faɗa, amma na yi tunanin in ja bakina. Manaja ya gama yabona a gaban kowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure nawa ne. A ba ni minti biyar."

Na juya sandar ta gicciye, na sake aunawa. Na shida ne. Da aka buɗe shi, boris ɗin ya farfashe. Manaja bai ƙara zancen ofis ba.

Baba Altine ya yi ritaya bara, da kansa. Ku sababbin injiniyoyi da kuka zo yanzu, shi ya sa nake tilasta muku auna komai sau biyu, kuna juya sanda. Na'urar ba ta yi ƙarya ranar ba. Amsa biyu ta ba ni, ni na ɗauki wadda ke gefen da nake fuskanta, kuma gefen da manaja yake so na fuskanta.