Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Jiya da hantsi ina narka man shanu zan shafa wa autata a ka, ƙamshin na tashi sai na ji kafaɗata ta dama ta yi tsami. Ba ciwo ba ne, jiki ne ya tuna. Idan kin taso a ƙauyukan Shagari ko na Bodinga a zamaninmu, wataƙila kin riga kin gane inda na dosa.

A firamaren ƙauyenmu ba a tambayar shekarun yaro ranar ɗaukar sababbi. Wa ke da takardar haihuwa? Jera mu ake yi a gindin dogonyaro, kowa ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kansa ya kamo kunnen hagu. Wanda yatsansa ya taɓa ya shiga. Wanda bai taɓa ba, sai baɗi.

Ni kuwa ƙyanda ta kama ni ina ƙarama ta bar ni 'yar firit, ga gajeren hannu, ga ƙaton kai. Shekarar farko da aka maido ni ban damu ba. A ta biyu ne abin ya shige ni, don waɗanda aka yaye mu tare suna wucewa ta ƙofar gidanmu suna waƙar ƙidaya, ni ina tsaye da tsintsiya.

Mahaifina ba ya ƙin boko, gajiya ce ta yi masa yawa. Damina yana cikin gero, rani yana fadama wajen albasa, kuma kullum hannu bai isa ba. Wata rana yana wanke ƙafa ya ce, ba da faɗa ba, "In sunka sake maido ta bana, shi ke nan. Ta zamna ta riƙa kai muna abinci fadama."

Kakata, wadda ta haife shi, tana jin sa. Tun daga ranar, da ta idar da sallar asuba sai ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, ta yi bisimilla, ta mulke min kafaɗa da man shanu, ta kama hannun tana ja kamar mai jan guga. Ina kuka, tana salati. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, "Inna, za ki gurɗe mata hannu."

"In ya gurɗe ma ai ya ƙara tsawo," in ji ta.

A shekarar ne aka fara shela a rediyo cewa an yi doka: duk yaron da ya isa dole a sa shi firamare, kyauta, kuma makaranta ba ta da ikon korar kowa. Maza suka tattauna a ƙofar masallaci, mata suka ƙarasa a bakin rijiya. Kakata ba ta yarda da rediyo ba. Ta ci gaba da jan hannu.

Ranar ɗaukar sababbi ta zo a ƙarshen damina, gero ya fid da kai, tsuntsaye sun dami kowa. Sai ga kakana na wajen uwa, makiyayi ne daga wajen Horo Birni, ya biyo gaisuwa da sandarsa a kafaɗa. Ya gan ni ina ƙyalli ya ce, "Amarya, ina zuwa da sassahe kin sha mai haka? Ko kin yi wani mijin?" Da aka gaya masa, sai ya bi mu makarantar, ni da kakata.

Da layi ya zo kaina na miƙa hannun har sai da na ji ƙashi ya yi ƙara. Na ɗan karkatar da kai, malamin da ke dubawa ya daidaita min shi. Saura kaɗan, amma bai taɓa ba.

"Sai baɗi," ya ce.

Na waiwayi kakata. Amma kakana ne ya jingine sandarsa, ya zo ya kama haɓata kamar yadda yake yi wa maruƙa, ya buɗe min baki ya juya ni wajen hedimasta.

"Malam, Allah shi gafarta ma, ku ga kunne kuka duban shekaru? Mu ga haƙori muka dubawa. Duba nan. Ɗiyar ga ta yi famfara, sababbin har sun tsiro."

Yara suka fashe da dariya. Karsana suka riƙa kirana har na gama aji shida.

Hedimasta bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Dattijo ne, farin alli duk a hannun rigarsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Baffa, na san ta isa. Tun bara na sani." Ya nuna ajin da iska ta yaye wa rufi, ya nuna ɗayan da yara suka cika har bakin ƙofa. "Doka ta ce in ɗauki kowa, kuma gaskiyarta. Amma ba ta hwaɗa min inda zan aje su ba. Kunnen ga shi ka rage min su."

Sai a nan kakata ta sa baki. "In wurin zama na, Malam, ni ka saƙar tabarma."

Hedimasta ya goge fuska da tafin hannu, ya ce in shiga. Can kuma ya ɗaga murya ya kira sauran da aka sallama da safen, waɗanda har sun kama hanyar gida.

A gindin dogonyaron nan muka yi aji ɗaya. Duk kakar nan tsohuwa tana saƙa, kaba ta tsattsage mata yatsu, ragowar man shanun da ta ja min hannu da shi take shafawa. Na yi karatu har sakandare. Kakata da kakana da hedimastan duk sun rasu, Allah ya ji ƙansu, ya haskaka kabarinsu.

Makon jiya na kai autata makaranta a nan Bodinga, inda nake aure. Babu wanda ya ce ta kama kunne. Wata matashiyar malama ta karɓe ta da fara'a, ta ce ai yanzu ba a maida yaro gida. Na yi hamdala. Sai na leƙa ajin. Yara ne a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa, siminti ya farfashe, malamar ita kaɗai tana kai da komo tsakanin aji biyu, muryarta ta dishe tun kafin rana ta ɗaga. Babbar 'yata tana aji huɗu a can, har yanzu da ƙyar take haɗa baƙi, ni ke zama da ita bayan la'asar idan ciwon baya ya bar ni. Ban iya ganin laifin malamar ba. Fuskar hedimastanmu na gani a tata.

Da zan koma gida na biya kasuwa na ɗauko damin kaba. Ban taɓa iya saƙa kamar kakata ba, bakin tabarmata kullum a karkace yake fita. Amma na jiƙa kabar tun jiya, kuma tabarmar za ta zaunu a ajin autata.