Haruffan Anti Tafireta

Shekara ashirin da takwas Anti Tafireta ta yi tana buga takardu a ofishin nan. Da tafireta ta fara, shi ya sa sunan ya bi ta har zamanin kwamfuta. Da yatsun nan goma ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mijinta, kuma ba ta taɓa kallon madannai in tana aiki ba. Saura shekara biyu ta yi ritaya da cikakken fansho. Matsalar ɗaya ce, idonta ya fara rauni, kuma Manaja ya sha faɗa cewa duk wanda ba ya iya aiki a sallame shi.

Sai ga wata masifa. Kullum ta dawo daga cin abincin rana, sai ta tarar da haruffan kwamfutarta sun ƙanƙance kamar 'ya'yan tururuwa. Ta goge gilashi, ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon, a banza. Dogo kuwa, akawun da ke zaune a bayanta, wanda ya daɗe yana son a ba matarsa kujerar, sai ya ɗaga murya yadda Manaja zai ji: "Sannu Anti! Idon ne kuma?"

Sati uku tana cikin wannan tashin hankali, har kuka ta yi a banɗaki. Rannan mai gyaran kwamfuta ya zo duba firinta, ta ja shi gefe ta gaya masa. Ya danne maɓallin da ke kusurwar hagu, ya murza 'yar tayar da ke kan linzamin kwamfutar, haruffa suka kumbura nan take.

"Anti, wannan ba ya faruwa da kansa," in ji shi. "Hannu ne."

Ya kuma nuna mata cewa girman da ake gani a allo daban, girman da ke fitowa a takarda daban. Ta sa ya maimaita sau uku. Washegari ta yi kamar ta fita, ta laɓe bayan kabad, ta ga Dogo da idonta yana murza linzaminta yana murmushi. Kai, ran nan da zuciya na kisa, da an yi jana'iza! Ta fito ta zauna abinta. Har ruwan shayi ta zuba masa.

Ta san halinsa sarai: ba ya taɓa duba abin da firinta ta fitar, kwasa kawai yake ya cusa a ambulan. Da taron shekara ya zo, Manaja ya ba Dogo buga jawabinsa, wai idon Anti ba abin dogaro ba ne. Dogo na fita amsa waya, ta koma kujerarsa. Ta mayar da rubutun jawabin mafi ƙanƙanta, sannan ta murza linzami har ya cika allon kamar ba a taɓa shi ba. Ya dawo, ya buga, ya liƙe ambulan, har da fito.

A gaban manyan baƙi Manaja ya buɗe. Shafi shida sun taru a rabin shafi ɗaya. Ya nisanta takardar, ya matso da ita, ya cire gilashi, ya mayar, gumi na tsiyaya. Daga layin baya Anti ta juya wajen Dogo, ta ce a hankali, "Sannu ƙanena. Idon ne kuma?"

Kafin la'asar an tura shi sito ƙirgar kwali. Wallahi ta ji daɗi, kuma ba ta ɓoye ba.

Ranar Litinin ta zauna, ba kowa a bayanta. Ta kunna kwamfuta, haruffa suka fito dishi-dishi. Ta danne maɓalli, ta murza, ta murza, tayar ta ƙi ƙara komai. Ta kira mai gyara a fusace, ta ce wani ya sake taɓa mata.

Ya duba, ya daɗe bai ɗago ba.

"Anti, ba wanda ya taɓa. Ya kai ƙarshen girmansa."

Ta ce kada ya gaya wa kowa. Sannan ta ɗora yatsunta a kan madannai, ta ce ya karanto mata wasiƙar farko.