Takalman Bashir da garin kwal

Minna

Ana kiran assalatu na fito daga unguwarmu Shango da ƙunshin yaji da kanwa, za ni Faransa wankan jegon 'yata. A ƙofar ɗaki ban ga takalman autana Bashir ba, wato ya riga ya wuce ramin zinare can bayan Maikunkele. Na yi faɗa kan ramin nan har bakina ya gaji. Direba ya ce, "Mama, a shiga, hanyar Suleja ba ta jiran kowa." A shingen hanya sojoji suka shinshina yajin suka bar mu. La'asar sakaliya jirgi ya tashi daga Abuja.

Garin kwal

Daga Faris surukina Sani ya sa ni a jirgin ƙasa zuwa wani ɗan gari a arewa, inda yake aiki. Na ga baƙaƙen tuddai na ce duwatsu ne, ashe tarkacen ƙasar da aka haƙo ne. Wai ƙauyen manoma ne da, aka gano kwal, baƙi suka cika shi, masana'antu suka tashi, aka rufe ramin, gari ya yi shiru.

Bayan suna Sani ya ja ni kallon tsohon ramin. Wani tsoho mai tari ya nuna mana ɗakin fitilu, Sani na fassara. Kowane ma'aikaci yana ba da ɗan ƙarfe mai lambarsa a rataye, ya karɓi fitila. Da yamma duk ƙarfen da ya rage a ƙusa, mai shi yana ƙarƙashin ƙasa.

"Ku fa?" in ji tsohon.

"Mu takalma ake bari a bakin rami," na ce. "Wanda takalmansa suka kwana, sai addu'a."

Muna fitowa maƙwabciyata ta kira ni a waya. "Maman Bashir, rami ya rufta a wajen su Bashir. Wayarsa ba ta shiga." Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Jegon da ban ƙarasa ba ke nan.

Komawa

A jirgi aka kawo abinci, ko buɗewa ban yi ba. A Abuja na sake kiran lambarsa, shiru. Maƙwabciya ta ce har yanzu ana tono, takalma na nan jere a bakin ramin, ita kam ba ta san nasa ba. Direba ya tsaya shan mai a Lambata, na kusa cinye shi ɗanye.

Da azahar na sauka a Shango, ina jan ƙafa. A ƙofar ɗaki ga takalma, jar laka ta bushe a kansu. Na tsuguna na ɗauka, sai na ji tarin Bashir daga ciki.

"Umma? Tun shekaranjiya muke tono. Wayata na can ƙasa, abokina Isa ma yana can."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida lafiya. Takalman kuwa suna cikin akwatina, na sa kwaɗo.