Ranar da Na Hau Gora a Gulbin Argungu

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da ke kaina, ranar da ruwa ya kusa cinye abokina a Argungu ba za ta bi sahu ba.

Mu biyu muka taso daga Gana, malaman makaranta masu ƙafar yawo, kowa da jakar goyo a bayansa. Muka ratsa Togo da Binin da Nijar, muka faɗo Birnin Kebbi, lokacin tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Shi abokin nawa yawon buɗe ido ya kawo shi. Ni kuwa garin kakana nake son gani, don Bakabe ne, masunci, da ya bar Argungu yana saurayi ya ƙare rayuwarsa a bakin kogin Bolta. Ina ƙarami ya sha jefa ni ruwa da ƙaton gora, yana cewa in rufe bakin goran da cikina, in yi tuƙi da hannu da ƙafa. Wallahi a lokacin mugunta na ɗauki abin.

Muka kwana a Gwadangaji, da safe muka shiga motar Argungu, sama ta yi baƙi ƙirin. Muna sauka ruwa ya ɓalle. Mai hankali da ya nemi rumfa ya fake, amma mu ina! Muka zaga kasuwa, muka leƙa tsohuwar fada, muna ɗiga kamar kajin da aka tsamo daga randa. Da ruwan ya koma yayyafi sai abokina ya ce lallai sai mun haye gulbi ya ɗauki hoton gonakin shinkafa.

Mai jirgin fiton wani dattijo ne mai zane a kumatu, ya riga ya ɗauki mata da ƙorensu. Na gaishe shi, na ce masa ni ma jikan Kabawa ne. Ya ƙare wa fuskata kallo, ya dubi wandona da takalmina.

"Kai ne Bakabe? Ina zanenka? Ko Hausar taka ma ta aro ta!"

Matan suka kwashe da dariya. Na yi yaƙe, amma abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Na sauke jakata a ƙasan jirgi kusa da wani gora na kamun kifi. Abokina kuwa bai sauke tasa ba. Tun da muka baro gida ƙa'idarsa ke nan, jaka ba ta barin bayansa ko a mota ko a tasha, don tsoron ɓarayi. Ga shi ta sha ruwa ta yi nauyin tsiya.

Muna tsakiyar gulbi, inda ruwa ya yi ja yana gudu, sai abokina ya miƙe tsaye da kyamara. Jirgi ya karkata, jakar ta rinjaye shi ta baya, sai ji muka yi tsundum! Matan suka ɗauki salati. Na san bai iya iyo ba. Dattijon ba shi da halin sakin sandar tuƙi, don in ya saki, igiyar ruwa za ta tafi da jirgin da matan gaba ɗaya. Kan abokina ya ɓullo can gaba, jakar ta sake danna shi ƙasa.

Ban yi shawara da kowa ba. Na suri goran nan, na kifa cikina a bakinsa, na faɗa. Abin mamaki, hannuwana da ƙafafuna suka tuna aikinsu tun kafin ni in tuna. Ban yi gardama da ruwan ba, na bi shi a karkace kamar yadda kakana yake yi mini tsawa in yi. Da abokina ya sake ɓullowa na caɓe wuyan rigarsa. Na shiga zare masa igiyar jakar, shi kuma yana ƙanƙame ta.

"Kayana! Kayana!"

"Sake ta, don Allah, ko in mare ka!"

Ya saki. Jakar ta nutse ko waiwaye ba ta yi ba. Na ɗora hannuwansa a kan goran, na yi ta harbin ruwa har ƙafata ta taɓa laka a cikin ciyawar gefe.

Da jirgi ya iso, abokina na kwance yana aman ruwa, ni kuma ina zaune a gefensa. Dattijon ya sauko, ya tsaya a kaina.

"Wa yag gwada maka wanga hawan gora?"

Na ce, "Kakana, Baba."

Ya kama hannuna ya ɗaga sama, ya juya ga mutanen da suka taru a gaɓa.

"Ku ji, jama'a! Wanga yaro namu na!"

Ni da ban yi kuka a jana'izar kakana ba, ranar na yi, yayyafi yana taya ni ɓoye shi.

Abokina ya koma Gana da rigunana, ba hoto ko ɗaya, yau kuma yana da jikoki. Tun daga ranar na daina raina abin da tsoho ya nace sai ya koya wa yaro. Kakana bai bar mini zane ko gona ba, amma abin da ya bar mini ya tsamo rai daga gulbin garinsu.